Fim ɗin da Hudu Ya Fito a Ciki

Zuwa ga Yaya Munkaila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan mutanen Damagaram. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan Villeurbanne lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. 'Yata Fatu tana Paris wajen aikinta, ɗanka Hudu kuma yana nan ɗakinsa, karatu da gudu kamar kullum, sai dai ya rame.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa in sa ɗanka jirgi ya koma gida. Na zaɓi in rubuta ne don na san halinka a tarho, ba ka barin mutum ya kai aya. Ga yadda abin yake. Bara masu shirya fim suka zo filin da su Hudu suke gudu, suka roƙi mai horar da su ya ba su yara su cika wuri. Aka ce su tsaya bakin layi su yi tafi, kamar an gama tsere. Suka tafa, aka ba su burodi da lemu, kowa ya kama gabansa. Da fim ya fito, ashe labarin samari biyu ne 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, 'yan tsere, masu son juna. Inda ɗaya ya rungume ɗaya ya sumbace shi, nan Hudu yake a baya yana tafi, baki har kunne. Wani ya ɗauki wurin da waya, ya zagaye fuskarsa da jan layi, Alhaji Salisu mai shagon tarho a unguwar Barbès ta Paris ya watsa wa duniya. Na kira Alhajin na tambaye shi ko ya kalli fim ɗin, ya ce Allah ya kiyaye shi. To, bai gani ba, amma ya fi kowa bayani!

Ni dai na ce gani ya kori ji. Ranar Asabar da la'asar na ja Hudu muka tafi silima a Lyon, ni da ban taɓa shiga ba tun zuwana ƙasar nan. Ɗakin ya cika. 'Yan makaranta a baya suna ta ƙyalƙyala dariya da zunguri, amma kafin tsakiya sun yi tsit. Wani mutum ya miƙe yana zagi, ya ja matarsa, ita kuwa tana tafe tana waiwayen allo. Wasu 'yan mata biyu masu lulluɓi a gabanmu sun yi kuka har ɗaya ta roƙe ni hankici. Ni kaina na kau da kai a wasu wurare, ba zan ɓoye maka ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Da aka kunna fitila wasu suka tafa, wasu suka fice abinsu. Fatu ta ce a Paris abin ya fi zafi: samari suka yi ta fito suna jifan allo da gugguru, wata tsohuwa ta tashi ta ce wanda bai so ya fita, saura kaɗan a ba hammata iska. Ta ce har 'ya'yan mutanenmu ta gani a layin tikiti, ciki da ɗan wani da ya fi kowa tura maka saƙo. Ba zan faɗi suna ba.

Hudu kuwa, ƙiftawar ido ce fitowarsa a fim ɗin. Da na sunkuya gyara jakata, da ban gan shi ba. A bakin ƙofa wata Bafaranshiya ta gane shi, ta ce lalle sai sun yi hoto. Ranar na fara ganin haƙoransa tun da abin nan ya tashi.

Amma ga abin da ya sa ni rubutu. Akwai wuri a fim ɗin da yaron ya koma gida, ya tarar uban ya fito masa da kayansa waje, har takalman gudunsa, ya rufe ƙofa. Nan na ji kujerar Hudu tana rawa. Ya dafe baki da hannu yana kuka, ƙato da shi, irin kukan da ban ga ya yi ba ko ranar rasuwar Inna. A cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, muna komowa ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske uba yana iya yin haka, kuma in ya sauka Damagaram kai ma haka za ka yi masa? Na ce ban sani ba. Wallahi na ji kunyar amsar nan, don da can da na rantse ba za ka iya ba.

Ban tambaye shi abin da ke ransa ba, ba kuma zan tsare shi da tambaya ba. Yaro ne mai sallah, mai ladabi, jarrabawarsa saura kaɗan. Ko me mutane suka ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ne babba, ban taɓa ƙetare maganarka ba, amma wannan karon ka yi mini haƙuri: ba zan sa shi jirgi ya je ya tsaya gaban rufaffiyar ƙofa ba. In kana son ganinsa, ka faɗa masa da bakinka cewa a buɗe take, ni da kaina zan rako shi.

Ka gaishe mini da Hajiya, da Baba Isufu, da Sa'ida da jaririnta, da Siddiƙu sarkin ƙiriniya. Fatu tana gaishe ku. Hudu ma ya ce in gaishe ka, sai da ya faɗa sau biyu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Mairamu