Katifar da Na Ɗinka wa Hamza

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Zaliha, ɗiyar marigayi Ɗanmusa na Abare, matar marigayi Auwalu, wadda mutanen unguwa ke kira Inna Tela, ni na rubuta wagga takarda da hannuna a garin Anka. Hankalina ɗaya ne, ba zazzaɓi ke magana ba, ba kuma wanda ya sa ni. Ƙafafuna ne suka kumbura har ba na iya taka keke, numfashi kuma kullum raguwa yake. Likita bai ce mini komai ba, amma na ga lokacin da ya ja Dalhatu gefe. Rubutun ba shi da kyau. Bokon da na koya na rubuta awon mutane ne, ban taɓa yin doguwar takarda ba.

Zuwa ga ɗiyana: Dalhatu, Rahina, Hidaya, da Isma'ila in Allah ya sa yana raye.

Na ɗaya. Likkafanina yana ƙasan adaka, a cikin baƙar leda. Ni na yanka, ni na haɗa. Kada a sayo wani, kada a tsaya jiran kowa.

Na biyu. Gonar Abare da ba mai iya zuwa cikinta yanzu, da awaki biyu, da ɗan kunnena, malamai su raba muku yadda shari'a ta ce. Keken ɗinki ba ya cikin gado. Na ba Hidaya shi kyauta tun Babbar Sallah ta bara, ina da lafiyata, a gaban liman da Dalhatu.

Hidaya, keken ya girme ki. Ki riƙa ɗiga masa mai duk Juma'a, ki rufe shi da zani in kin tashi. In ya fara tsallake ɗinki, allura ce ta lanƙwashe, kada ki bari a kwance miki shi a banza. Wannan duk kin sani. Abin da nake so ki riƙe shi ne wanga: tun da muka gudo Anka, sabon yadi ba ya yawan shigowa gidanmu. Ragi ake kawowa. Mace za ta zo da babbar riga ta ce a mayar wa ɗanta, ko wandon magidanci a rage wa yaro ɗan shekara goma. Kada ki tambaye ta na wane ne. Kafin ki sa reza ki farke, ki laluba aljihu, duk abin da kika samu ki miƙa mata, ko busasshen goro ne. In kin ga huda ko tabon da wanki bai fitar ba, ki yanka ta gefensa ki yi shiru. Ragowar ƙyallen ki naɗe ki ba ta, kada ki zuba cikin buhun tsummanki. Na taɓa yin wannan kuskure, matar ta ga hannun rigar mijinta a jikin matashin maƙwabciyarta. Ba ta sake shigowa ba.

Na uku. Kayan mutane suna cikin jan akwati, kowanne da sunan mai shi a maƙale da allura. Wanda ya rasu a kai wa danginsa. Akwai atamfa turmi guda, ruwan ganye, ta Dija, Bafulatanar da ke kawo mana nono a Abare. Ta kawo ta ne in ɗinka wa ɗiyarta riga da zani, sai gari ya rikice tsakaninmu da Fulani, ba ta dawo ba. Na ɗinka bisa awon da na ɗauka, ko da yake yarinyar yanzu ta wuce shi. An ce ana ganin Dija a kasuwar Bukkuyum. Dalhatu, ka sa a neme ta. Na san abin da ke zuciyarka game da mutanen daji, amma matar nan ba ta taɓa ɗaukar bindiga ba, kuma ranar da ubanku ya faɗi a gona ita ta fara rugowa ta gaya mana.

Na huɗu. Shaddar Isma'ila, mai ruwan toka, na yanka ta saura haɗawa. Kwana biyu da yankan aka tare motarsu a hanyar Gummi. Shekara uku ke nan, ba gawa, ba saƙo. Kada a rage ta wa kowa. In an cika shekara bakwai ba labari, Hidaya ta haɗa ta a ba wani sadaka da sunansa. In ya dawo, ki sake auna shi kafin ki ɗinka, don ba zai dawo da jikin da ya tafi da shi ba.

Na biyar. Wannan ita ce maganar da ta sa na nemi takarda.

Rahina, shekara goma sha huɗu ba ki taka gidan Dalhatu ba. Ba ki je sunan ɗiyansa ba, ba ki amsa gaisuwarsa ba ranar da muka binne ubanku. Kin ce shi ya kashe miki ɗanki Hamza. Ni kuma na zauna ina kallo, ina cewa ku yi haƙuri, alhali akwai abin da na sani ban faɗa ba.

Hidaya tana ƙarama a lokacin, bari in faɗa daga farko. Shekarar da haƙar zinariya ta yi ƙarfi, muna Abare, Dalhatu yana kawo dutse a buhuna daga rami, ana dakawa a tsakar gida, ana shanyawa kusa da madafa. Ba shi kaɗai ba ne, kusan kowane gida a unguwarmu haka ake yi, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. A lokacin Rahina ta dawo gida da Hamza saboda mijinta ya tafi ci-rani. Yaron yana da shekara ɗaya da rabi, ya fara tafiya, yana kiran keke da "teke".

Tabarmar da yake kwana a kai ta mutu, ƙasa kuma da sanyi. Sai na ce bari in yi wa jikana katifa. Ina da tsumma da ƙyallaye, amma ba su isa ba. Buhunan dutsen Dalhatu suna jibge a bayan ɗaki, an zazzage su. Na ɗauki huɗu. Ban wanke ba, rijiya ta ja baya a watan, kakkaɓewa kawai na yi a jikin bango. Biyu na yayyanka na cusa tare da tsumman, biyu na yi rigar ciki da su. Na rufe da ragowar atamfar aurenki, Rahina, mai zanen tsuntsu, na bi bakin da ɗinkin hannu. Kin yi murna har kika kai ta gidan maƙwabta kina nunawa. Ba ki tambayi me ke ciki ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Wata biyar yana kwana a kanta. Yana haƙori, yana tauna kusurwa ɗaya har ta huje, na yi mata faci sau biyu.

Daga nan yara suka fara jijjiga. Gida-gida. A wannan damina na ɗinka ƙananan likkafani har na daina ɗaukar tef. In an faɗa mini watannin yaro, na san inda zan sa almakashi. Hamza ya yi kwana uku yana sandarewa yana saki, idonsa a buɗe ba ya ganin kowa. A kwana na huɗu da hantsi ya cika a cinyarki. Nasa likkafanin ma ni na yanka.

Da masu aikin lafiya suka zo suka bayyana mana abin da ke kashe yara, suka fara kankare ƙasar gidaje, sun ce a fito da duk abin da ya taɓa dutsen: turmi, taɓarya, buhu, ƙwarya. Ina tsaye ina ji, ban fito da katifar ba. Da rana tsaka, kina gidan surukanki karɓar gaisuwa, na naɗe katifar cikin tsohon zani na kai ta wani ramin da aka daina haƙa na jefa. Da kika neme ta don ki riƙa jin ƙanshinsa, na ce miki masu aikin ne suka kwashe. Ƙarya na yi miki.

Ban san me ya kashe shi ba, ƙasar tsakar gida ce da yake ci, ko katifar. Allah kaɗai ya sani. Amma na san yaran gidanmu uku ne suka yi wasa a ƙasa ɗaya, shi kaɗai ya kwana a kan buhunan, shi kaɗai ya tafi. Ranar da kika nuna Dalhatu da yatsa a gaban mutane, ya sunkuyar da kai. Ina zaune da allura a hannu. Kalma ɗaya ta isa in raba nauyin laifin da shi, ban furta ba. Na ji tsoron ki kalle ni yadda kika kalle shi. Kowace shekara sai in ce baɗi, har magana ta yi mini nauyin da ba na iya ɗagawa.

Dalhatu, ka bar rami tun ranar, ka koma acaba, ka ɗauki laifin kai kaɗai kamar naka ne duka. Ni na bar ka da shi. Ka yafe mini.

Rahina, ba na cewa ki manta ɗanki. Ina cewa in za ki riƙe wani, ni ce ta fi cancanta, don shi bai sani ba kuma bai ɓoye ba, ni ban sani ba amma na ɓoye.

Na shida. A karanta wa Rahina wagga takarda kafin a yi mini wanka, ba bayan an dawo daga maƙabarta ba. Ita ce babbar mace, ita ya kamata ta wanke ni, amma ba na so ta taɓa gawata bisa rashin sani. In ta ji ba za ta iya ba, Hidaya da matar Dalhatu su yi. Kada wanda ya matsa mata, kada wanda ya yi mata gori daga baya.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya ɗiyanku, ya tsare ku a hanya da gida. Allah ya bayyana Isma'ila, ya jiƙan Hamza da ubanku. Kun ragu, ɗiyana. Garinmu ba ya shiguwa, dangi sun watse, ba ku da kowa a Anka sai junanku. A yi zaman makokina a gidan Dalhatu, ku uku ƙarƙashin rufi ɗaya. Rahina, ko ba ki yafe mini ba, ki shiga gidan yayanki, in ya gaishe ki ki amsa.

Innarku,
Zaliha