Alhamis Ɗin Mama Hannatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga maigidana Oga Nathaniel,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Madam da yara, kuma gwiwar nan ta daina damunka. Yaya Zonkwa, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau. Bilkisu tana gaishe ka, jaririyar tamu ta fara zama.

Ka ce in daina turo maka saƙon murya, in riƙa rubutawa kada hannuna ya mutu. To ga shi, sai ka yi haƙuri da rubutun, kai ka koya mini shi a kan madannan kwamfuta lokacin da nake share maka kafen intanet.

Shagon yana nan, amma ba za ka gane shi ba. Alhajin da ka sayar wa ya damƙa shi ga ɗansa Bashir, wanda ya gama jami'a bara. Kwamfuta uku suka rage. Sauran wurin ya sa fitila mai zobe da koren labule, 'yan Tiktok suna zuwa ɗaukar bidiyo. Katakan da ka raba kujeru da su ma ya cire, wai suna tare haske. Ni dai ina gefena da firinta.

Ina yawan tuna da. Mutum ya sayi tikiti, ya zauna, ya jira shafi ya buɗe. In an aiko masa da hoto, hula ce take fara saukowa, sai goshi, sai ido, in ya ga dama ya kira mu mu taya shi gani, in bai ga dama ba ya gani shi kaɗai. Lokacinsa ya ƙare, ya tafi gida, intanet ta zauna a shago tana jiransa. Yanzu ita take bin mutum har kan tabarmar salla.

Cikin mutanenmu na da, Mama Hannatu kaɗai ta rage, tsohuwar malamar firamaren nan ta Tarauni. Duk Alhamis tana zuwa a adaidaita sahu ta rubuta wa 'yarta Joy imel, wadda take aikin jinya a Turai. Joy ta aiko mata da babbar waya har sau biyu, ta kyautar, wai ta cika surutu. Ka san halinta, da shafi ya buɗe sai ta gaida allon da ƙarfi kamar Joy tana ciki, ta tambaye ta kwana da sanyi, sannan ta fara danna baƙi da yatsa ɗaya tana faɗar abin da take rubutawa.

Makon jiya Bashir ya ɗauke ta a waya ba ta sani ba, ya sa a Tiktok da sunan Kaka Mai Gaida Kwamfuta. A wurin mai shayi na gani, suna ta dariya. Ba gaisuwar ce ta dame ni ba, Oga. A cikin bidiyon ana jin ta tana tambayar Joy ko mijinta ya dawo gida ko har yanzu yana wurin waccan matar. Wannan maganar yanzu tana aljihun kowane ɗan adaidaita daga nan har Hotoro.

Na samu Bashir a hankali na ce ya sauke. Ya ce ni mutumin da ne, wai tallata shago yake yi.

Ka gaida Madam da kyau.

Naka,
Ɗahiru

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Oga Nathaniel,

Gaisuwa da girmamawa. Na samu amsarka ta hannun direba, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Yaya su Madam?

Ka ce in yi haƙuri, ina da iyali, in nema wa Mama wani kafen kawai. Haƙuri kam ka san ina da shi. Amma wani kafen ina? Na kan titin kotu ya koma shagon shinkafa, na Babban Giji ya koma wurin kallon ƙwallo. Kuma ka yafe mini, kai ne ka koya mini cewa in mutum zai danna lambar sirrinsa, in juya masa baya in tsaya in kare shi daga idon masu wucewa. Ranar da na leƙa allon wani ɗan kasuwa sai da ka murɗe mini kunne. Ban manta ba, kunnen ma bai manta ba.

Ga abin da ake ciki. Bashir ya sanar wa mabiyansa cewa Alhamis mai zuwa zai haska Kaka kai tsaye. Ya ce aikina in zaunar da ita a kwamfutar da ke kusa da fitila, tunda ni take yarda da shi, in kuma ja ta da hira ta yi ta magana. Na je wurin Alhaji. Ya saurare ni da mutunci, amma ya ce shi bai san wannan harkar ta yara ba, shago na Bashir ne, wanda ba zai bi shi ba ga hanya.

Daga nan na wuce Tarauni gidan Mama. Na same ta tana gyaran wake. Ashe ta riga ta sani, matan zumuntar cocinsu sun nuna mata. Joy ma ta gani daga can, ta kira tana kuka, ta ce kada ta sake taka shagon. Na ce Mama ki bari in ari kwamfuta in kawo miki gida. Ta kalle ni ta saman tabarau kamar ɗan aji uku, ta ce tun kafin a yaye Bashir take zama a shagon nan, ba yaron da zai kore ta daga Alhamis ɗinta, kuma ita ba ta yi abin kunya ba balle ta ɓuya. Ta ce in na ji tsoro in ce ba ni da lafiya ranar. Sannan ta sa na ci dafa-duka dole.

Na gaya wa Bilkisu. Daga baya ta ce in har zan yi abin da zan yi, in sa riga mai kyau.

Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Ɗahiru

Tarauni, Kano.

Oga Nathaniel,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Kada ka yi mamakin ganin Tarauni a sama, a barandar wani tela abokina nake rubutun.

Ranar Alhamis Mama ta zo da ashobinta na coci da jakarta. Shagon ya cika da samari, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Bashir ya kafa wayarsa a kan sanda, ya kunna fitila, ya durƙusa ya gaishe ta da ladabin da ban san yana da shi ba. Ba ta amsa ba. Ta wuce kwamfutar ƙarshe, ta jikin bango, ta zauna.

Da ta kai hannu za ta danna lambar sirri, na juya baya na tsaya kamar yadda na saba. Sai dai wannan karon ban matsa ba. Bashir ya ɗago sandar ya koma dama, na koma dama. Ya koma hagu, na bi shi. Kusurwa ce, kuma ka san kafaɗuna. Da farko ya yi ta wasa yana ce wa mabiyansa ga mai gadin Kaka, daga baya ya matso ya raɗa mini cewa in ban kauce ba in ɗauki nawa in bar shagon. Na ce na ji, in ta gama. Wani yaro ya ja mini riga, ban ko waiwaya ba. Ban zagi kowa ba, ban taɓa wayar kowa ba. Tsayuwa kawai na yi.

Ita kuwa Mama, da shafi ya buɗe, ta gaida Joy da ƙarfin da ya fi na kullum, har da tambayar sanyi. Samarin suka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba, don babu abin kallo sai bayan rigata. Daga nan ta daina faɗar abin da take rubutawa. Sai ƙarar madanni, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi sauri ba ko kaɗan, ina jin ma jan abin ta yi da gangan. Samarin suka gaji suka zare jiki. Da ta gama ta rufe shafinta, ta ce Ɗahiru ka huta, ta fita.

Na miƙa wa Bashir makulli kafin ya tambaya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da ciwo. A shagon nan na girma, kuma ban san inda zan dosa ba tukuna. Telan ya ce zan iya ajiye tebur a barandarsa in na samu kwamfuta, Mama kuma ta ce in dai da bango a bayan kujerar, ta zo. Za mu gani.

An ce Bashir ya sa bidiyon tsayuwata, ana ta yi mini ba'a a ƙasa, wai gunki. Su yi ta kallo, bayana ne, ni na ba su. Abin da ta rubuta wa 'yarta ranar kuwa ban sani ba, Bashir bai sani ba, duk Kano babu wanda ya sani sai su biyu.

Ka gaida Madam da yara. Bilkisu ta ce a gaya maka rigar ta fito da kyau.

Naka har kullum,
Ɗahiru