Zaburar da na hana Akumu ƙarasawa

Ƙanena Iliya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Saratu da yara. Ya aiki, ya zaman Kampala? Mu nan Tasawa muna nan da haƙurin rashin Akumu, matar ɗana Bulus.

Iliya, sai da muka dawo daga maƙabarta na gane abin da ya faru. Da zazzaɓin ya yi tsanani, takan yi ta maimaita wasu kalmomi da harshensu na Alur. Ko Bulus ba ya ji, don da Turanci suke magana. Muka ɗauka sambatu ne. Ina shafa mata ruwa a goshi ina cewa, "Yi shiru, ɗiyata, ki huta." Sai ta dube ni ta yi shiru, don ba ta taɓa yi mini musu ba.

Da uwarta ta kira daga Uganda, Bulus ya faɗa mata kalmomin yadda kunnensa ya riƙe. Matar ta fashe da kuka, ta ce ai Zabura ce, "Ubangiji makiyayina ne." Ashe yarinyar nan addu'a take, ni kuwa ina hana ta.

Littafinta Mai Tsarki na Alur yana cikin akwatinta. Fasto ya gwada karantawa, ya kasa. Don Allah ka nemo ɗan Alur ya karanta wannan Zabura, ka ɗauki muryarsa a waya ka turo mana.

Ka gaishe da Saratu, ku sa Bulus a addu'a, ba ya cin abinci. Har yau ba a karanta mata Zaburar nan a bakin kabarinta ba.

Yayarka,
Hannatu