Kabarin Martha a Gangaren Fadama

Ƙofar Rini, Sakkwato, watan Mayu

Zuwa ga aminina Malam Habila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙafafu, ina mutanen Zonkwa? Tun da kunnenka ya daina ɗaukar waya, na koma ga takarda.

Sabuwar hanyar da ake yi zuwa Wamakko ta ratsa fadama. An yi ciko har ya ɗara tsayin raƙumi, ba a bar wa ruwa mafita ba sai ƴan kwalbatoci. Mu dattawan unguwa mun tafi ofishin masu aikin hanyar, anka ba mu kujeru da ruwan sanyi, anka ce mu kwantar da hankali.

Ka sani katanga guda ta raba maƙabartarmu da taku ta Kiristoci, kuma duka biyun a gangare suke. Na ziyarci kabarin mai ɗakinka Martha, kamar yadda na saba tun ranar da ka tashi daga Sakkwato ka bar mini amanarsa. Damina ba ta zauna ba, amma ƙasar wurin ta yi danshi, kwaɗi na kuka da rana tsaka. Abin bai kwanta mini ba.

Ka huta lafiya.
Jinaidu na Mahauta

Zonkwa, watan Yuni

Alhaji,

Gaisuwa gare ka da Hajiya Ashatu. Yau kuma mahauci ne ke tsoron kwaɗi? Na yi dariya, daga baya abinci ya gagare ni.

Ina roƙonka abu guda. Ka sami Fasto Nathaniel, a tono Martha, a mayar da ita tudu kafin Agusta. A wurinmu wannan ba laifi ba ne. Da ƙafafun nan suna da amfani, da ban ɗora maka ba. Kada ka yi jinkiri, don Allah.

Naka,
Habila

Ƙofar Rini, watan Satumba

Malam Habila,

Ina gaishe ka, da nauyi a bakina.

Mun tafi da Fasto da masu haƙa. Da diga ta sari kabarin, sai na ce su dakata. Ban taɓa ganin an buɗe wa mamaci ɗaki ba, kuma mahaifina Ladan yana kwance bayan wannan katanga, ba suna, ba alama, kamar yadda muke yi. Zuciyata ta ƙi. Sai na yi mata abin da muke yi wa namu: na ƙara ƙasa, na jera duwatsun Kalambaina, na rufe da ƙaya. Fasto ya ce, "Alhaji, ruwa ba kura ba ne." Na ce ni anka ba amana. Sai munka watse.

Gulbi ya kawo, ya bugi cikon hanya, ya komo kanmu. Gidajen gangare sun rushe. Katangar ma ta faɗi.

Da ruwa ya janye, ƙasusuwa munka tarar warwatse cikin laka, har cikin gonakin albasa. Gicciyenta an tsince shi a bakin kwalbati. Liman da Fasto sunka tsaya suna duban juna. Ni da na ƙare rayuwata ina rarrabe ƙashi da ƙashi, na kasa rarrabe na ubana da na matarka. Mun tattara su duka, munka binne a rami guda bisa tudu, kowa ya yi addu'arsa.

Na daina zuwa mahauta. Ba ni iya taɓa ƙashi. Ruwa kuma har yau yana tsaye a gangare, ba ya motsi, in na wuce ba ni iya dubansa.

Ka gafarta mini, in kana iyawa.
Jinaidu

Zonkwa, watan Oktoba

Alhaji,

Na gaishe ka. Ƴata Ruth ke rubuta wannan, hannuna ya ƙi.

Maganar gafara, bar ta tukuna. Ka tafi da ƙafarka, ka duba da idonka, ka rubuto mini gaskiya: tudun da kuka binne su, ya fi hanyar tsayi?

Allah ya tsare.
Habila