Guga Ba Igiya

Ubud, Bali

Yayana Uda Darwis,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin mahaifinmu Buya? Na san na daɗe ban rubuto ba, amma ka ajiye faɗa sai gaba. Maganar 'yata Kinanti ce.

Riƙe numfashin nan da Buya yake koya wa masu halwa a zawiyarsa, shi nake koya wa baƙi a nan. Na cire zikirin don kada su tsorata, na ɗinka musu fararen labulen halwa irin namu. Kinanti ta shiga ɗaya, ta ƙi fitowa, ta daina cin abinci. Da na leƙa sai ta ce, "Mama, na duba ciki, babu kowa. Har ni babu." Abokan aikina murna suke taya ni, wai ta kai matuƙa. Dokarmu a nan kuwa, ba a katse wa mutum tafiyarsa.

Uda, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Yusmarni

Payakumbuh, Sumatra

Yusmarni,

Wa alaikumus salam, ko da yake ba ki yi sallama ba. Kin ɗauki guga kin bar igiya. A wurinmu mai halwa ya san wajen Wa ya nufa, kuma akwai mai tsaron bakin labule.

Amma kada in cika miki baki. Kin tuna Pak Sidi, mai yawo a kasuwa yana hira da kaji? Muridin Buya ne. Shi ma haka ya fara, aka ce haske ne, a bar shi ya ƙarasa.

Da na karanta wa Buya wasiƙarki bai yi faɗa ba. Ya ce ki yage labulen nan yau, ki dafa wa Kinanti nama da barkono, ki tara mata wanki, ki riƙa kiran sunanta da ƙarfi kamar tana hayin kogi.

Allah Ya kiyaye.
Darwis

Uda,

Barka da ƙoƙari. Na tsaya bakin labulen da kwano a hannu, na kasa. Ni na raine ta a kan cewa ba ta da shehu sai kanta. Da wane baki zan ce mata ya isa? Wa ya ba ni izini?

Yusmarni

Yusmarni,

Sallama. Buya ya ce matar Pak Sidi ma izini ta tsaya jira.

Darwis

Uda, assalamu alaikum,

Na yage labulen. Kinanti ta ci loma biyu. Na kira sunanta har muryata ta dishe, sai ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira.

Ka share mana ɗaki, muna hanya. Ka roƙi Buya ya jira mu.

Ƙanwarka,
Yusmarni