Na Ɓoye Ɗana, Na Ba Da Ɗan Aminina

Malam Edita, salamu alaikum, ina gaishe ka da masu karatu. Kada a buga sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a zage ni. Abin da ke kan sikeli shi ne yara biyar na ruga, da ɗana guda, da amintakar da ta girme su duka.

Ni dillalin shanu ne a ƙasar Bebeji, da kaka kuma ina awon gyaɗa. Ban gaji komai ba, da jan akuyar wani zuwa kasuwar Tudun Wada na fara. Bara da aka buɗe elementare a garinmu, hakimi ya ce kowace unguwa ta kawo yara. Na san za a zo kan ɗana Sani, yaron da ya fara gane saniya mai ciki tun daga nesa. Shi zan bayar ya zauna kan benci? Na tura shi Doguwa wurin ƙanena, na ce jinya ya tafi. Dagaci ya ce to wa zai cike gurbin? Sai na raɗa masa cewa aminina, wani Bafillatani da zan kira Jauro, yana da yaro Buba a rugarsu ta ƙetaren rafi. Dogarai suka tafi ɗauko ɗaya, suka dawo da biyar. Har yau Jauro bai san bakin da ya kai su ba.

Makon jiya, da za a koma makaranta bayan hutu, hedimasta ya kira iyaye bayan la'asar, ya ce kowane gida ya zo da abinci, don yaran gari da na ruga sun ƙi cin abinci tare, kullum dambe. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, mutanen gari da tuwonsu gefe guda, Fulani da ƙoransu can nesa, kowa na kallon ƙasa. Ni kuwa haɗa hannu biyu ne sana'ata, sai na ɗauki akushina na je na zauna cikinsu. Na ce, “Jauro, nono ka kawo ko ruwan rafi?” Ya ce, “Kaɗo, in ma ruwa ne wurinka na koya, mai danna sikeli da yatsa.” Aka fashe da dariya, kafin a jima furar wannan ta shiga nonon wancan.

Sai hedimasta ya ce yana son kowane yaron ruga ya sami gida a gari inda zai ci abincin rana, ya kwana idan rafi ya kawo. Can Jauro ya miƙe ya ce, “Malam, gaskiya mun zo ne da niyyar kwashe yaranmu mu tashi. Amma in gidan wannan Kaɗon ne, na yarda, bai taɓa cuta ta ba.” Ya kama hannun Buba ya sa a nawa. Sauran suka bi, kowa ya zaɓi gida. Sannan Jauro ya juyo gare ni a hankali ya ce, “Yaya jikin Sani?” Na ce da sauƙi. Dagaci yana zaune dab da mu, ya yi murmushi ya ci gaba da shan fura. Washegari sai ga man shanu da ƙullin saiwoyi daga Jauro, wai in aika Doguwa.

Yanzu Buba yana cin tuwo a gidana yana ce mini Baba. Jiya a tsakiyar ciniki na manta farashin da na faɗa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Ina zan sa saiwoyin nan? Wa zan dafa wa?

Na auna ta ko'ina. In na faɗa wa Jauro, za su tashi, makaranta ta rasa yaran, gidajen da suka saba su koma ba gaisuwa. In na dawo da Sani na kai shi aji da hannuna, na rasa mai taimakona, ƙaryar kuma tana nan. In na yi shiru, asirina yana bakin dagaci, ranar da muka saɓa Jauro zai ji daga wani. Ban taɓa shiga cinikin da kowace hanya faɗuwa ce ba sai wannan. Jama'a, wace asarar zan ɗauka? Me zan yi?