Kwalaben Dogo

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan da sauƙi, yara sun koma makaranta. Saƙonka na ta'aziyya ya iso, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Dogo.

Yaya, da ɓacin rai nake rubuto maka. Ranar da baƙi suka watse na shiga ɗakin Dogo in ninke kayansa, sai warin maganin sauro ya tare ni tun daga ƙofa. Na ɗaga kai na ga kantar da yake jera kwalabensa wayam, sai zanen gindinsu a kan ƙura. A nan na gane abin da matan unguwa suke ƙus-ƙus a kai in na wuce. Ashe Baffansa, wan marigayi mahaifinsa, shi ya sa aka kwashe kwalaben aka farfasa a bola, aka feshe ɗakin, yana gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa wai tautau ne ya kashe yaron, wai shi ya tara wa kansa dafi a ɗaki da sunan karatu.

Ka san kwalaben nan su ne aikinsa na shekarar ƙarshe a jami'a. Ƙwarin nan masu dogayen ƙafafu kamar zare yake tarawa, matattu, a cikin ruwan sifirit don kada su ruɓe, kowace kwalba da 'yar takardar inda ya samo. Ni da ban wuce firamare ba, sai da ya mai da ni ɗalibarsa. In na ɗaga tsintsiya zan kaɗe ɗaya, sai ya riƙe min hannu ya ce in tsaya in duba tukuna. Ya ce mu muke haɗa su mu ce duk tautau ne, alhali ba gida ɗaya suka fito ba. Wanda yake saƙa yana a kusurwar silin, mai ƙugu a tsuke, mai karkarwa in an taɓa shi, shi ne gizo-gizo na gaske, kuma ɗan dafinsa na sauro da ƙuda ne. Wanda Dogo yake bi kuwa jikinsa dunƙule ne guda kamar ƙwayar barkono, ido biyu a doron baya, ba ya saƙa, ba shi da dafi ko kaɗan. In ka kama shi sai ya sakar maka ƙafa ɗaya tana motsi ya gudu, ƙafar kuma ba ta sake tsirowa. Ina tsokanarsa in ce dama danginsa ne, ya dubi ƙafafunsa. Ya yi dariya ya ce ai ni na haifo su.

To ka gaya min, Yaya, ta yaya mataccen ƙwaro marar dafi, a cikin kwalba a rufe, zai kashe saurayi? Ina tsaye likita ya ce ƙurajen da suka feso masa har fata tana salewa daga magani ne, wata ƙwaya da jikinsa bai karɓa ba. Ya tambaya wa ya ba shi. Kowa ya yi shiru, har da ni. Baffa ne ya kawo ƙwayar a ƙulle a leda lokacin da zazzaɓi ya fara, ya ce ita yake sha ta warkar da shi. Ban ce ya kashe min ɗa ba, kwana ne ya ƙare, kuma da kyakkyawar niyya ya kawo. Na rufa masa asiri. Shi kuma sai ya ɗora wa mamaci laifi don ya wanke kansa.

Na same shi a shagonsa, gaban yaransa. Ya ce in yi haƙuri, zafin rashi ne yake sa ni magana, mata ba su san waɗannan abubuwa ba. Na ce masa, "Baffa, ka fasa kwalabe, na bar ka da Allah. Amma sunan ɗana ba za ka fasa ba." Bai ɗago ba, ya ci gaba da auna wa wani ƙusa.

Malamin Dogo ya zo jiya, wai zai karɓi aikin a ƙarasa da sunan Dogo, domin akwai wani iri a ciki da yake son a duba da kyau. Ƙanwar Dogo ce ta gaya masa an farfasa kwalaben. Bawan Allah ya daɗe zaune yana kallon kantar.

Abin da nake roƙo, kai kaɗai Baffa yake jin nauyi. Ka kira shi. Ba kuɗi nake so ba, ba kuma tonon silili ba. Ya koma wa mutanen da ya gaya wa, ya ce ba haka ba ne. Ko ƙwayar ba sai ya ambata ba. In ya ƙi, zan faɗa da bakina, kuma ranar nan zumunci ne zai ji jiki.

Ka gaishe min da Anti, da Uwani da mijinta, da 'yan biyu. Ƙannen Dogo suna gaishe ka. Malamin ya ce in je makaranta in karɓo kayan Dogo da suka rage a can, har yau ban iya zuwa ba.

Ƙanwarka,
Maman Dogo